Hular Ulu a Bakin Teku

Litinin, 9 ga Maris, 2020

Na gaji da maimaita wa Inno, mahaifiyata, magana ɗaya. Za ta zo Kuala Lumpur ta yi min wankan jego, in na yi arba'in mu kai ta Penang ta ga teku. Matar da babban ruwan da ta sani shi ne dam ɗin Tiga. Na ce, Inno, garin nan zafi ne da gumi, ki taho da atamfa marar nauyi da silifas da lema, don ruwa ba ya sallama. Kada ki sa kilishi a jaka, a filin jirgi za a karɓe. Sai ta ce ta riga ta saƙa wa jariri hular ulu da safa, ga bargo biyu. Bargo! A ƙasar da fanka ma ke neman fifita.

Laraba, 18 ga Maris

An rufe ƙasa saboda korona. Ba shiga, ba fita. Mijina Halliru ya ce sati biyu ne kawai. Shi dai komai a wurinsa sati biyu ne, har digirin nasa.

Talata, 14 ga Afrilu

Ƙafafuna sun kumbura. Unguwarmu Taman Melati tsit, sai jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Ni kuwa na ci gaba da aika wa Inno saƙon murya kamar taɓaɓɓiya: in mun je Penang kada ki riƙe leda a hannu, birai na fizga. Kada ki shiga ruwa da tsakar rana. Abincinsu har miya sukari suke sawa, ki yi haƙuri. Ta amsa, "To, Khaulah, shi tekun nan yana da ƙarshe kuwa?" Na kifa wayar a kan filo. Wallahi tsoro nake ji. Haihuwar fari, ba uwa, ba dangi.

Juma'a, 8 ga Mayu

Tikitin jirgin Inno ya mutu. Ba na son magana.

Asabar, 30 ga Mayu

Na sauka shekaranjiya. Mace. Halliru ko ɗakin haihuwar ba a bar shi ya shiga ba. Na yi ta kiran Inno da ƙarfi, nas ɗin ta ɗauka addu'a nake yi, tana ta ce min amin.

Alhamis, 4 ga Yuni

An sa mata Afnan. Suna a waya, kowa yana magana lokaci ɗaya.

Wanka kuwa abin takaici. Inno ta ce sai da ganyen darbejiya, Halliru ya yi ta yawo har Brickfields, wajen Indiyawa ya samo. Ruwa a butar shayi yake dafawa, kafin ta biyu ta tafasa ta farko ta huce. Inno a waya, an jingine ta da bokiti, tana faɗa: "Fyaɗa da ƙarfi! Wannan ai shafa kike yi!" Na ce to ki zo ki yi mana. Na tsani bakina.

Lahadi, 28 ga Yuni

Wani ɗalibi da aka bari ya dawo ya kawo ƙullin Inno bayan ya gama killacewa. Kanwa, kuka, da hular. Ja ce, ta yi wa Afnan yawa. Tana ƙamshin turaren ɗakin Inno. Na jefa ta a durowa.

Asabar, 18 ga Yuli

Penang. An buɗe hanya tsakanin jihohi, Halliru ya ce mu je ko zan daina ɗaure fuska. Duk abin da na hana Inno, ni na yi. Na manta lema, ruwa ya yi mana dukan tsiya. Biri ya fizge ledar burodi a hannuna.

Da yamma na kira ta, na juya mata wayar. Na ce, "Inno, ga tekun. Ba shi da ƙarshe, na duba." Ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ta ce, "Na gani. Juyo min da 'yar."

Na juya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe hular ta yi mata."

Na ce iskar bakin ruwa ce ta yi yawa, shi ya sa. Halliru yana goge gumi da takunkuminsa, ya buɗe baki, na harare shi.

Har muka koma masauki ban cire mata ba.