Gashin Hafsatu

Laraba da daddare, watan Sha'aban

Wata uku ina lallashin 'yata Hafsatu ta rubuta ko layi ɗaya, ta ƙi. Yau da kanta ta ɗauko biro, ga kallabi ta ɗaure tamau. Hankalina bai kwanta ba. Na zare kallabin, ashe ta datse jelar kitsonta.

"Umma, na malamarmu ne. Maganin ciwon daji ya zubar mata da gashi. An ce ana karɓa a yi hular gashi."

Wa ya ce? Mu da muke binne gashi gudun sammu, hannun wa zai faɗa? Na ƙwace ƙunshin da ta naɗe gashin a ciki.

A ciki na tarar da takarda, rubutu duk a karkace: "Malama, ki dawo. Na iya."

Gobe da kaina zan kai wa malamar ƙunshin, hannu da hannu.