Bayan An Soke Mazaɓa ta Biyu

Minasawa, Nuwamba 1994

Yaya Fusae,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya a Osaka. Nan an gama girbin shinkafa, sanyi ya fara saukowa daga duwatsu.

Kin dai gani a jarida, an soke Mazaɓa ta Biyu. An yanka ta uku, kowane yanki kujera ɗaya. Kogi ne iyaka: gidanmu ya faɗa ɓangaren duwatsu, tashar masunta kuwa, inda aka fi son Baba, ta tafi wancan ɓangaren. Baba ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ko kifi ba a yanka shi haka."

Jiya tsohuwa Tome maƙwabciyarmu ta zo ta zauna a ƙofar kicin tana ba ni labarin mazaɓar kamar mai zaman makoki. Yadda Kaka ya fara cin zaɓe bayan yaƙi a kan keke, yadda gidan Tobita suka kayar da shi sau biyu, da shekarar ambaliya da aka kai akwatunan ƙuri'a cikin kwalekwale. Kujeru biyar ne, kullum mu ne na huɗu ko na biyar, amma muna shiga. Ta ce, "Ke 'yar nan, ni sunan gidanku, Kuramochi, na fara koyon rubutawa kafin nawa, don kada in ji kunya a rumfar zaɓe. Yanzu da tsufana wa zai koya mini wani?"

Mijina Nori ya tafi Tokyo neman jam'iyya ta tsayar da shi a sabuwar mazaɓa. Na san abin da za ki ce: Baba ba shi da ɗa namiji, mutane kuma da hannu suke rubuta sunan ɗan takara, shi ya sa ya ɗauki sakatarensa ya mai da shi ɗa, ya ba shi sunanmu, ya haɗa da ni. Amma ba ki ga Nori ba a zaɓen bara, ranar da muryata ta dishe a motar lasifika. Ya tsayar da motar cikin ruwan sama, ya ruga ya sayo mini alewar zuma, ya dawo a jiƙe sharkaf. Na karanta irin wannan a littattafai da yawa, ban taɓa zaton zai same ni ba.

Ki gaida mijinki.
Ƙanwarki, Chizuru

*

Osaka, Disamba 1994

Chizuru 'yar mafarki,

Muna lafiya, shago na tafiya, ƙafafuna ne kawai suke ciwo.

Alewar zuma! Ke, lasifikar ce ta lalace ya je neman gyara. Da makanike ne ma sai ya sayo mai. Ban ce Noriyasu mugu ba ne, yana da ladabi har ya yi yawa, amma kujera ya aura, ke kuma kina zaune a kanta. Ni da aka nuna mini irinsa ai kin ga na bi mai sayar da taliya. Har gobe Baba ba ya kiran sunana, amma na san abin da mijina ya gani a jikina, don ba ni da komai sai jaka ɗaya.

Ki rage karanta littattafan nan, ki ci abinci. In abu ya ɓaci, akwai ɗaki a saman shago.

Yayarki, Fusae

*

Tokyo, Afrilu 1995

Zuwa ga Chizuru,

Ina gaisuwa tare da fatan Baba yana samun sauƙin ƙafarsa, ke ma kina cikin ƙoshin lafiya.

Jam'iyya ta yanke shawara. Sabuwar mazaɓar duwatsu an ba gidan Tobita. Na roƙa iya roƙo, ba a saurare ni ba. Sai dai an yi mini tayin wata mazaɓa a arewa, a garin haihuwata, inda mahaifina ya yi shugaban gari. A can sunan Tateoka mutane suka sani, don haka wajibi ne in fita daga rajistar gidan Kuramochi in koma sunana na asali.

Wannan ba ya nufin rabuwa. Doka ta yarda ki biyo ni ki ɗauki sunana. Ina roƙonki ki yi hakan. Mutanen arewa ba sa sakin jiki da ɗan takarar da ba su ga matarsa tana gaida su ba, kuma ban san wadda ta fi ki iya wannan ba.

Zan rubuta wa Baba dabam.

Naki cikin girmamawa,
Noriyasu

*

Minasawa, Mayu 1995

Nori,

Ina gaida ka. An cika gonaki da ruwa, kwaɗi sun hana kowa sakat.

Baba ya karanta wasiƙarka, ya ajiye, muka ci abinci. Sannan ya ce, "Yaron ya yi daidai. Da ni ne haka zan yi." Na ce, "Baba, ni fa?" Ya ce, "Ke ai Kuramochi ce. In kin tafi, wa zai share kaburburan kakanninmu?" Ya tashi yana dogara sanda, ya ƙi in riƙe shi.

Ka sani, zan iya tafiya duk da haka. Na riga na fito da akwati. Na yi ta gwada rubuta Tateoka Chizuru a bayan takardar kalanda, ya yi kyau. Zan iya barin Baba ya yi fushi da ni kamar yadda ya yi da Yaya, zan iya koyon maganar arewa, in durƙusa a kowace ƙofa cikin ƙanƙara. Ba na jin tsoron ko ɗaya.

Amma na karanta wasiƙarka har ta fara yagewa a wajen ninki, ina neman wuri ɗaya da ka ce kai ne kake so in zo. Mutanen arewa kawai na gani a ciki. To ga tambayata, kuma kada ka amsa mini kamar a gaban taro: da a ce babu zaɓe a arewa, babu a nan, kai malamin makaranta ne ko mai sayar da taliya, za ka aiko a kira ni?

Duk abin da ka ce zan yarda.

Matarka, Chizuru

*

Yuni 1995

Chizuru,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni da jinkiri. Na fara wasiƙu da yawa na yaga, domin duk sun fito da kyau ƙwarai, ke kuma kin ce za ki yarda.

Ban sani ba. Ranar da na fara ganinki, kina tsaye bayan Baba a kan dandamali. Ban taɓa ganinki babu mazaɓar a bayanki ba, kuma na yi ƙoƙari in gani a kwanakin nan, na kasa. Ina girmama ki. Ina jin daɗin zama da ke. Idan kin zo ba zan taɓa wulaƙanta ki ba. Wannan ne iyakar abin da zan iya rantsewa a kai.

Noriyasu

*

Minasawa, Yuli 1995

Zuwa ga Tateoka Noriyasu,

Ina gaisuwa, na kuma gode da ba ka yi mini ƙarya ba, ko da yake na so ka yi.

Ba zan zo ba. Kada ka ɗora wa Baba, ba saboda shi ba ne. Ga takardar rabuwa, na buga hatimina, saura naka. Na aika rigunanka na sanyi ta jirgin ƙasa, na ɗinke aljihun baƙar da ya yage.

Ina yi maka fatan nasara. Don girman zaman da muka yi, kada ka amsa wannan.

Kuramochi Chizuru