Turaren da Kike Aikowa Mma

Salaga, watan Rajab, 1989

Zuwa ga Yaya Atikatu a Jidda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Issah. Allah ya ƙara sutura. Mu nan alhamdulillahi, doya ta yi kyau bana, ƙanwarmu Fulera ta yaye ɗanta. Ni Mutaru ne, ki daure da rubutuna. Na san kina jiran tsiya, amma yau na gaji, kaɗan za ki samu.

Maganar ciwon kan Mma ce. Tun bara ya tsananta. Kafin ya zo sai ta ce tana ganin walƙiya a gefen ido, sannan ɓarin kai na hagu ya kama bugawa kamar ana sakwara a ciki. Ta yi amai, ta ƙi haske, ko motsin cokali ba ta so. Ni da baki ba ya rufuwa, na koyi tafiya da sanɗa a gidanmu. Na kai ta Yendi wurin Baba Aruna, aka yi rubutu, wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Rubutun mun sha tare, ni don albarka. Da ciwon ya dawo, Kawu Saaka ya aiko cewa tunda walƙiya take gani, ido ne, a kawo ta asibitin ido na Bawku. Hanyar nan, Yaya, motar lore ta girgiza mu har ni ma na sauka da nawa ciwon kan.

Dokta ya duba ya ce idonta lafiya lau. Ya zaunar da mu ya ce ciwon kai ba iri ɗaya ba ne. Nawa na gajiya ne, mai matse kai kamar an ɗaure kallabi da ƙarfi, hutu da farasitamol sun ishe shi. Akwai mai caka bayan ido ɗaya, ido na hawaye, hanci na zuba, mutum ya kasa zama wuri guda, ya fi kama maza. Wanda kuwa ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ba a jira, asibiti kai tsaye. Na Mma ciwon ɓarin kai ne, ba ya kisa amma yana cinye kwanakin mutum. Ya ba ta ƙwayar da za ta sha da zarar walƙiyar ta fara, ta kwanta a ɗaki mai duhu. Ya hana ta shan maganin APC kullum, ya ce yawansa ma na jawo ciwon. Sai ya ce mu lura da abin da ke tayar da shi: yunwa, rashin barci, ko ƙamshi mai ƙarfi. Da ya ce ƙamshi na dubi Mma, ita kuwa ta dubi bango.

Kin san turaren wutan da kike ba alhazai su kawo mata. Kullum sai ta kunna. In ciwon ya taso kuma sai ta rufe ƙofa da taga ta ƙara a kasko, wai abin da ya fito ƙasa mai tsarki ai magani ne. Da muka dawo na ɗauke gwangwanin na ɓoye a rumbun doya, na ce ɓeraye sun tuba sun fara son ƙamshi. Ba wanda ya yarda, amma ba wanda ya gano wurin. Yaya, ta samu lafiya. Ta koma kasuwa wurin goronta, ta je suna har Kpembe da ƙafarta. Sai dai da la'asar takan zauna bakin ƙofa, kaskon a gabanta babu wuta, tuwo ma ta rage. Ban iya kallo ba, na mayar mata. Ciwon ya dawo a makon.

Na gaya mata gaskiya cewa turaren ne, ta ce ta riga ni sani. Ta ce in hayaƙin ya tashi, ji take kamar kin shigo ɗakin, kuma ta gwammace ciwon da ɗaki wayam. Ta rantsar da ni kada in faɗa miki da bakina. To, hannu ne ya rubuta.

Ni na kai iyakata. Maganata ba ta da nauyi a gidan nan, taki take ji. Kada ki ba alhazan bana turare. Ki ɗauki muryarki a kaset su kawo mata, ki yi ta surutu har ya cika, ko faɗan da kike min ne, ki kuma ce mata da kanki ta ajiye kaskon. Na riga na aro rediyon Jibirilu mai shayi, yana kan tagarta yana jira.

Mma tana gaishe ki, ba ta san da wannan ba. Fulera, Abibata da Baba Aruna suna gaisuwa. Ki gaishe min da Alhaji da ƙaramar Zuleha.

Ƙaninki da ya gaji,
Mutaru