Duron da Na Aiko Miki

Kano, farkon Satumba

Zuwa ga matata Tani, Maman Sarah,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Sarah da baƙon da muke jira. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna da ƙafarta, yaya damina a Babban Duhu? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Tun da aka katse layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, wayata ta koma tocila kawai. Shi ya sa na koma ga biro da takarda kamar ɗan makaranta. Kamilu direba, ɗan Batsarin nan da ke zuwa Kano ɗaukar kaya, shi zai kawo miki wannan, tare da abin da za ki gani a bayan motarsa.

Duro ne shuɗi, na roba, da murfinsa. A wurin aiki aka gama da abin da ke ciki, na riga kowa ɗauka. Abin da ke damuna shi ne zuwanki rijiyar bayan gari da wannan cikin, a lokacin da ko maza ba sa son yin nisa da gida. Ki kafa shi ƙarƙashin indararo. In ruwan sama ya ɗauke, a cika miki shi ki huta kwana biyu. Na wanke shi da sabulu har hannuna ya gaji. Akwai ɗan shatin launi a ƙasansa da ya ƙi fita, kada ya dame ki.

Amma na san halinki, Tani. Kwanukan aurenki har yau suna jere, ba su san ɗanɗanon miya ba. Kada in zo in tarar kin lulluɓe duron nan da zane kin ajiye a ɗaki kina kallo. Don ruwa na aiko shi. Ki zuba, ki sha, ki ba Sarah, ki yi girki. Ko sau ɗaya dai ki ji maganar mijinki.

Ranar da na ce miki aikina wankan ƙarfe ne kin yi dariya, amma haka ɗin ne. Muna tsoma ƙarfe a wani tanki mai ruwa launin goro, a ba shi wutar lantarki, ya fito yana ƙyalli kamar madubi: salansar babur, ƙafafun kujera, hannun ƙofa. Sunan maganin kurom, mu dai kurum muke ce masa. Tururinsa ne ba daɗi. Mura ta kama ni ta ƙi saki, kuma wani ɗan gyambo ya fito mini a yatsa, ba ya zafi, ba ya warkewa. Malam Armaya'u, wanda ya fi mu daɗewa a bakin tankin, ya ce kowa da haka ya fara. Shi in yana numfashi hancinsa fito yake yi, har muna ce masa Mai Sarewa.

Ki gaida Inna da kyau, ki shafa mini kan Sarah. Ubangiji ya tsare mini ku.

Mijinki,
Ɗanjummai

*

Kano, ƙarshen Satumba

Tani,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Sarah. Allah ya sa kuna lafiya. Ki yi haƙuri gaisuwar ta gajarta.

Kada ki ƙara shan ruwan duron nan. Kada Sarah ta sha. Ki je ki rufe shi tukuna, sannan ki dawo ki ƙarasa karatun.

Malam Armaya'u ya faɗi a bakin tanki yana tari, muka ga jini a rigarsa. Ni na kai shi asibiti. Likitar, wata mata ce mai magana a hankali, ta tambayi sana'arsa, sannan ta haska ƙaramar tocila a kafar hancinsa ɗaya. Tani, haske ya fito ta ɗaya kafar. Tururin nan ya cinye bangon da ke tsakani. Fiton da muke ta yi wa dariya ke nan. An ɗauki hoton huhunsa, sun ga wani abu, suna tsoron ciwon daji ne.

Ban nuna mata yatsana ba, ita ta gani. Ta duba hancina ni ma, ta ce ya fara ci. Ta ce irin kurom ɗin da muke aiki da shi guba ne, yana shiga ta numfashi, ta fata, ta baki. Yana taɓa huhu, yana taɓa ƙoda da hanta. A lokacin ban ji tsoron kaina ba, duron ne ya faɗo mini a rai. Na tambaye ta ko in an wanke mazubinsa da sabulu za a iya zuba ruwan sha. Ta ajiye bironta ta dube ni. Ta ce ko kusa, ba ruwa ba abinci. Sai ta tambaya ko akwai mai ciki ko ƙaramin yaro a gidan, na ce mata akwai duka biyu.

Ruwan da ke ciki kada ki zubar kusa da rijiya, ko inda awaki ke sha. Ki sa a haƙa rami can nesa da gida a zuba shi ciki. Duron kuma a fasa shi da gatari. Kada ki ba kowa, ko da Godiya ƙanwarki za ta yi miki kuka. Na san ko ƙwarya ce ta fashe ɗinke ta kike yi, amma wannan karon ki daure.

Fatana ɗaya ne, taurin kanki. Ina ta roƙon Allah ya sa kin karanta wasiƙata ta farko kin taɓe baki, kin ajiye duron a ɗaki kin cika shi da kayan jariri. Ban taɓa addu'ar ki ƙi jin maganata ba sai yau. Ki aiko mini da amsa ta hannun duk wanda kika samu.

Allah ya kiyaye ku.

Mijinki,
Ɗanjummai

*

Kano, Oktoba

Tani, matata,

Gaisuwa. Yaya jikinki, yaya Sarah? Ba don al'ada nake tambaya ba yau.

Wasiƙarki ta iso ta hannun ɗan Safanan nan mai kawo gyaɗa. Na buɗe da sauri, ina tsammanin amsar gargaɗina ce. Ashe amsar ta farko ce. Kin ce duron ya yi kyau, matan unguwa har zuwa kallo suke yi. Kin ce da farko kin zuba zannuwan jariri a ciki, amma da kika sake karanta maganata sai kika kwashe su, kika cika shi da ruwa, don kada in ce ba kya jin magana. Har kin tsokane ni, wai in rubuta ranar in ajiye. A ƙarshe kika ƙara da cewa Sarah tana ɗan ciwon ciki, wataƙila ɗanyar gyaɗa ce.

Na zauna a ƙasa a gaban mutumin nan. Daga nan na tafi neman Kamilu, wanda na ba wasiƙar gargaɗin. Na same shi a tasha, ashe tun da na ba shi bai koma gida ba sam. Ya ce hanya ba kyau, kuma ba a sayar da mai a can. Wasiƙata tana nan a gaban motarsa, rana ta dafa ta.

Na gaya wa mai shagonmu abin da likita ta ce. Bai musa ba. Cewa ya yi kowa ya ɗaura hankici a hanci a ci gaba da aiki, ni kuma in yi kurum kada in tsorata sababbin ma'aikata. Da na ce zan je gida, ya ce in na tafi kada in dawo. Na ajiye masa hankicinsa.

Mai gyaɗar zai juya yau, zan ba shi wannan. Ni ma gobe zan taso ta Katsina. Ina tsoron hanyar, ba zan ɓoye miki ba, amma na fi tsoron zama. Ko ni ko takardar nan, duk wanda ya riga isowa, maganar ɗaya ce: kada ku sha.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Ɗanjummai

*

Babban Duhu, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Malam Armaya'u,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙane ga wansa. Yaya ƙarfin jiki, yaya tarin? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce in sanar da kai yadda na tarar da iyalina, ga shi.

Motar da na samu iyakarta Batsari. Daga nan wani wuri babur, wani wuri ƙafa, ko'ina gonaki ga gero ya nuna ba mai girbi. Na isa gida da hantsi. Duron na fara gani, a gindin indararo, an ɗaura masa igiya a murfi don kada awaki su ture. Mai gyaɗar bai iso ba, har yau ma bai iso ba.

Tani ta gan ni ta yi guɗa, da cikinta da komai. Kafin in buɗe baki ta ɗebo ruwa a moɗa daga duron, ta durƙusa ta miƙo mini, kamar yadda ake tarbar wanda ya sha hanya. Malam, ban gaishe ta ba. Na buge moɗar daga hannunta. Tun da muka yi aure ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Ta tsaya tana kallona, Sarah ta fashe da kuka, Inna ta fito tana tambaya ko wani abu ya taɓa ni a birni.

Da na yi musu bayani, Tani ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta dai sa hannu biyu ta riƙe cikinta. Ni na fasa duron da gatari, na binne shi a bayan gona. Wata maƙwabciya ta bi ni har can tana roƙon in bar mata ko rabi ta yi wa tumaki kwami.

Na kai su asibiti a Katsina. An ɗebi jininsu da fitsarinsu. Cikin Sarah ya lafa, an ce a riƙa kawo ta ana duba ƙodarta. Game da jaririn kuwa, likita ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai san yawan abin da ya shiga jikinta ba. Wataƙila ba komai, wataƙila da komai. Ya ce mu lura da motsinsa kullum, ranar da ya yi shiru mu zo da gudu.

Don Allah ka aika wa yaran shago, duk wanda ya kai irin duron nan gida ya je ya fasa. Wanda na ɗauka kaɗai na sani, amma ba ni kaɗai na ɗauka ba. Kuma ka yafe mana sunan da muka sa maka. Nawa hancin ma ya fara fito. Sarah ce ta fara ji, tana ta dariya tana cewa in sake yi mata.

Kowace safiya Tani takan zauna a bakin gado, in durƙusa in ɗora kunnena a cikinta mu jira. Jiya ya motsa nan da nan. Yau ya daɗe, sannan ya ɗan shura. Sai na riƙe numfashi nake iya saurare, don in ina numfashi fiton hancina ba ya bari in ji ɗana.

Ka sa mu a addu'a, mu ma kana cikin tamu.

Ƙanenka,
Ɗanjummai