Takalmi Mai Facin Taya

Baure

Angona Maharazu, mai kunnuwa kamar faifai,

Ina gaisuwa. Ga kacici, tunda kanka babba ne: mene ne ya san gida, bai san mai gida ba?

Bayan tafiyarka an kwance shanun huɗar maƙwabcinmu Kabo. Sata ta yi yawa bana, ko akuya a ɗaki take kwana, don haka 'yan sintiri ba su tsaya dogon tambaya ba. Suka bi sawu har zaurenmu, na takalmi mai facin taya a diddige, suka same shi a ƙafar ƙanenka Sama'ila. Sun yi masa dukan kawo wuƙa. Yanzu yana gidan yari, yana jiran shari'a. An tambaye shi takalmin wane ne, ya ce nasa.

Idona ya tsufa, amma ban manta wanda ya zo da shi ba, ya koma da silifas ɗin yaron. Ka zo, ango. Ba a barin amarya cikin kuka.

Kakarka

*

Mai'adua

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, na yi baƙin ciki matuƙa. Maigidana Collins ya yi tafiya, ba mai tsaron shago sai ni. Irin wannan takalmi kuwa cike yake a kasuwa. An ce mini in ba shaida, alƙali zai sallame shi. A yi haƙuri. Ga goro da sukari. Don Allah a daina zancen takalmi.

Na bar ki lafiya.
Maharazu

*

Baure

Maharazu,

Ina gaisuwa. Goronka ya yi rana, da shi aka sallami masu ta'aziyya.

An yi ta ɗage shari'a har aka yi girbi. Alƙali bai sallame shi ba, tari ne ya sallame shi. Zuwana na ƙarshe na roƙe shi ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Kaka, Yaya yana da 'ya'ya."

An ba ni kayansa a leda, har da takalmin. Na wanke, na ajiye maka a zaure.

Amsar kacicin sawu ne. Ya san takalmi, bai san ƙafa ba.

Allah ya bar mu da imani.
Kakarka