Rigar da Ibu ta Saƙa wa Ma'aunin Iska

Blitar, 3 ga Satumba

Zuwa ga yayana, Mas Darmaji,

Gaisuwa mai yawa. Ya teku, ya kamun kifi? Iyayenmu, Bapak da Ibu, suna gaishe ka. Ƙafar Ibu ta yi sauƙi, bakinta ne dai bai huta ba.

Zafi ya sauka. Ka san ɗakin kajin Bapak, rufaffe ne ruf, babbar fanka ɗaya ke jan iska. In ta tsaya awa guda da rana, kaji ɗari tara sun tafi. Shi ya sa ya daina zuwa ko'ina, yana zaune bakin ƙofa yana sauraron inji. Na gaji da ganin tsohon nan haka, na ce bari karatun lantarkina ya yi rana.

Na sayi ɗan allon kwamfuta, bai fi akwatin ashana ba, na haɗa shi da wata ƙwaya mai ɗumi. Idan iska na wucewa ƙwayar ta huce, allon ya san lafiya lau. Idan ta daina hucewa, ƙararrawa ta buga. Wajen daidaita shi maƙwabciyarmu Mbak Tumini ta goya ni a babur, na ɗaga shi sama muna duba gudu. Ta ce, "Ke Ningrum, mutane za su ce kifi muke kamawa a iska." Sati uku ina fama, idona har yaji yake. Na kafa shi jikin ginshiƙi, gobe zan koma Malang bakin aiki.

Ƙanwarka,
Ningrum

Malang, 19 ga Satumba

Mas Darmaji,

Ina fatan kana lafiya, tarin nan kuma ya sake ka. Ni dai gajiya ce kawai.

Abin nan ya kunyata ni. Kullum da rana sai ya buga ƙararrawa, Bapak ya bar abinci ya ruga, ya tarar fanka na juyawa. Daga nan ta waya nake dubawa, na sake rubuta umarninsa sau biyar, na rasa gane kansa. Jiya Bapak ya zare shi daga wuta. Ya ce min, "Shekara ashirin da kunnena nake jin fankar nan. Akwatin ashana ba zai koya min kiwo ba." Maganar ta yi min ciwo. Mai shagon da nake wa aiki ba zai sake ni ba sai ƙarshen wata.

Taka,
Ningrum

Blitar, 2 ga Oktoba

Yayana,

Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Ranar Talata bel ɗin da ke juya fanka ya tsinke. Injin bai mutu ba, yana ta gurnaninsa, Bapak na zaune a ƙofa yana jin sa. Sai da la'asar ya leƙa. Kaji ɗari uku da wani abu muka binne bayan gona.

Da na iso na je wurin ginshiƙin. Mas, riga na tarar a jikin ƙwayar. Saƙar hannu, ruwan hoda, har da ɗan fure. Ka san Ibu: talabijin da riga, firij da riga, tukunyar shinkafa da riga. Ta ga ƙura na hawa kan abin da na wahala a kai, ta saƙa masa tasa. Bapak ya gani bai ɗauke shi komai ba, me ba ya sa riga a gidanmu? Ashe abin ba ƙarya yake ba, iskar ce ba ta isa gare shi. Da na cire na kunna, daidai yake aiki.

Na ce wa Bapak kuskuren lissafina ne, na gyara. Ya bari na jona. Gara ya riƙa min kallon wadda ba ta iya ba, da Ibu ta san abin da ya faru. Don Allah kai ma ka riƙe bakinka.

Yau da safe na ga rigar a kan gadona, an wanke ta an goge. Ibu ta leƙo ta ce, "Tunda kin gyara, ki mayar masa, 'yar nan. Kar ƙura ta sake ɓata miki shi."

Na ce to. Rigar dai tana cikin jakata.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ningrum