Ɗankwalin da Ke Cikin Akwati

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma ƙafar nan ta yi sauƙi. Yaya Baba da rediyonsa, da Auta sarkin rigima? A gaishe min da su.

Akwai abin da na ɓoye miki, kada ki yi fushi. Ciwon kan da nake ce miki gajiya ce, ba gajiya ba ce. Ƙurar katakon wurin aikinmu ce ta toshe min hanci, har wani nama ya tsiro a ciki. Makon jiya aka yi min aiki aka cire shi. Kada hankalinki ya tashi, barci kawai na yi na farka. Maigidana na wurin aiki ne ya yi jinyata, yana ta tsokanata wai hancina ya koma tumatir.

Kin tuna ɗankwalinki da kika cusa min a akwati, kika ce in kewa ta dame ni in shinshina? Duk lokacin da na ce miki ina jin ƙamshinki, ƙarya nake, Inna. Shekara biyu ba na jin ƙamshin komai. Jiya likita ya wanke min hancin, ina komawa ɗaki na ciro ɗankwalin na shinshina. Hayaƙin murhunki da sabulunki suna nan, sun dai ragu. Likita ya hana ni fyace hanci, haka na zauna hawaye na bin gemuna.

Idan kin sami mai zuwa, ki aiko min da wani. Don Allah kada ki wanke shi.

Ki sa min albarka.

Ɗanki,
Kafinta